Zomon da Habila Ya Bar wa Mama

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habila a hatsarin mota, kuma har yau in aka tambaye ni aikin da yake yi a jami'a sai na yi jim kafin in amsa. Mu a Rikoto, unguwarmu a Zuru, abin da muka sani shi ne yana sa farar riga, yana kuma kiwon zomaye. Na sha tsokanarsa cewa in dai kiwo ne, ai da bai wahalar da mu da dogon karatu ba.

Wata Kirsimeti na tsare shi sai da ya yi mini bayani. Ya ce wani furotin na ƙwayar cutar sammore yake nema, don a riƙa gane saniya mai ciwon tun kafin ta rame. Bakteriya yake sawa su ƙera masa shi, amma cakuɗe da tarkacensu suke fitar da shi. Saboda haka ake liƙa masa wata alama, ita ma daga jikin bakteriya aka samo ta, kamar yadda ake ɗaura wa akuya tsumma kafin a sake ta cikin garke. Da alamar ake kamo shi a tace. Na ce to wa zai tabbatar an kamo? Ya ce nan zomo ya shigo. Ana yi masa allurar alamar, sai jininsa ya haɗa sojojin garkuwa waɗanda ba su san komai ba sai ita. Duk inda suka same ta sai su manne, layi ya fito a takardar gwaji. Abin ya ɗaure mini kai, kuma ya burge ni.

A ƙa'ida, in an gama ɗibar jini yanka zomon ake yi. Habila ya kasa. Ya sako shi a kwali, fari mai baƙin kunne, ya ce wa Mama ta riƙe masa. Damina ba ta sauka ba aka kawo mana gawar Habila. Daga nan zomon ya zama ɗan lele, ko jikokinta Mama ba ta yarda su taɓa shi.

Sai bayan shekara biyu wata abokiyar aikinsa, Malama Rakiya, 'yar Argungu, ta yi sallama a gidanmu. Ta ce wuta ta daɗe ba ta zo ba, firjin ɗakin gwajin ya huce, duk abin da Habila ya tara ya lalace, har da abin da ake yi wa zomon allura da shi. In jinin wannan dabba ya manta alamar, aikin Habila ya bi shi ke nan. Mama ta ce a'a tun ba a kai ƙarshe ba. Ni kuma, ba na ɓoyewa, so nake in ga ko jini yana mantuwa.

Rakiya ta durƙusa. "Inna, ba yanka shi za ni yi ba. Jini kaɗan za ni ɗiba ga kunnenai."

Mama ta ce in dai haka ne, ita za ta riƙe shi. Ta ɗora shi a cinya, ta rufe masa ido da gefen zane, tana yi masa magana da yarenmu na C'lela har aka zare allurar.

Yanzu Rakiya ta ce mini an daina wannan wahala. Daga waje suke sayo sojojin a 'yar kwalba cikin ƙanƙara, ba wanda ya san dabbar da aka ɗibo su a jikinta. Nakan so in san me Habila zai ce. Na tabbata zai yi murnar sauƙin. Amma na san halinsa, sai ya juya kwalbar yana tambayar wa ke ba wancan zomon ganye.

Aikin sammore har yau bai kammala ba, ɗalibai ne ke ci gaba da shi, yawancinsu ba su taɓa ganin Habila ba. Zomon ma ya mutu bara, da tsufansa. In na auna abin da ya rage na ƙanena, ba sunansa nake gani a bango ba. Ranar da Rakiya ta kira ni nake tunawa, lokacin wayar hannu ta fara shigowa Zuru. Ta ce layin ya fito, siriri ne amma ya fito. Na sami Mama tana tankaɗe, na ce mata jinin bai manta abin da Habila ya nuna masa ba. Ta ajiye rariya, ta dubi kejin zomon.

"Ashe mu biyu ne," in ji ta.