Magena Ba Ta Shiga Buhu Ba

Na dawo daga kasuwar Sabon Tasha na tarar da maigidana tsaye a falo da buhu a hannu, magena Gimbiya ta maƙale a ƙarƙashin tebur. Ashe ta yage hannun sabuwar kujerarmu da farce.

Ya ce, "Hayin kogi zan kai ta in yar. In ta tsallake gada ba ta dawowa."

Na ajiye kayan miya na ce, "Baban Rahila, lokacin da ɓeraye ke cinye mana masara a sito, wa ya kore su? Ba inda za ta."

Na jawo tsohon turmi na naɗe shi da igiya tam, na goga masa busasshen kifi. Kujera kuwa na shafa mata ɓawon lemo, don mage ba ta son warinsa. Yanzu turmin take karta safe da yamma.

Shi kuwa oga har yau da takalmi yake miƙe ƙafa a kan kujerar nan. Ku faɗa mini, a ina ake sayar da buhu daidai shi?