Barkonon Gashuwa a Bakin Masu Busa

Bayan na gama jami'a na samu aikin koyar da lissafi a wata makaranta a Gashuwa. A nan na tsara kiɗan busa na farko, in dai za a yarda a kira shi haka. Kashi uku ne gajeru, na raha: shigowar jirgin ƙasa Nguru, kukan jaki, sai kwaɗin fadama. Na rubuta shi don mutum biyar masu ƙahonin tagulla. Shugaban makaranta ya ce idan ya yi armashi ranar yaye ɗalibai, zai ba ni awa ɗaya a mako in koyar da kiɗa. Awar nan nake so, ba kaɗan ba.

Masu busar tsofaffin 'yan badujala ne mazauna Nguru. Babbansu, wanda muke ce wa Baba Saje, shi ke busa ƙaton ƙahon da ake runguma kamar tulu. Wata biyu ina zuwa wurinsu duk Asabar. Ina jin babu abin da ban hango ba. Takardun kiɗan kala uku na yi, ƙahonin kuma na lulluɓe su da bargo kada rana ta gasa su a mota. Abinci ne kawai bai zo mini a rai ba.

Ranar bikin, muna sauka Gashuwa, matar shugaban ta aiko da shinkafa da miyar kifi, ta biyo bayan kwanukan da kanta.

Na raɗa wa Baba Saje, "Baba, ko a bari sai an gama? Leɓe fa."

"Malam, a kawo mana abinci har gabanmu mu ce a'a? A garin mutane?"

"Ku ci, bayin Allah," in ji Hajiya. "Barkonon gonarmu ne, ɗan kaɗan na sa."

Da aka fara busa, jirgi dai ya iso tasha lafiya, kodayake direbobinsa na hawaye. A kukan jaki muryar ƙaho ɗaya ta tsage, ta fi abin da na rubuta kama da jaki. Sai kwaɗi. Tsakanin kowane kuka na bar ɗan shiru. A shirun farko su biyar suka ja iska ta haƙora, "sssss!" Tare, daidai, kamar a fareti. A na biyu ma haka. A na uku ɗalibai suka kama, a na huɗu iyaye. Ina tsaye ina kaɗa hannu, dariya ta ci ƙarfina har sandar da nake jagorantarsu da ita ta kuɓuce mini, ba wanda ya lura.

Da aka tashi shugaban ya kira ni, yana share ido.

"Wannan shan yajin, kai ka rubuta?"

"To, ranka ya daɗe, wurin dai ni na bari."

Ya ba ni Alhamis, bayan tara. Baba Saje bai taya ni murna ba, kansa na cikin ƙwaryar nono. Daga baya na ƙara "sss" ɗin a takardar, amma da fensir.