Ruwan Sukari da Rabon Baƙo

Mahaifiyata ba ta taɓa auna abinci daidai da bakunan gida ba. In ta gama awo sai ta ƙara tafi guda, ta ce rabon baƙo ne. Kuma baƙon yana zuwa, don a tsakar gida take girki, ƙamshin daddawa shi ne ɗan aikenta. Da wannan tafin na yi aure, da shi na zo Ingila.

A Manchester rabon baƙo bai taɓa kwana a tukunya ba. Shekarun da muka yi a Old Trafford, ɗalibanmu 'yan Arewa da ke Fallowfield sun fi sanin ranar tuwona a kan ranar jarrabawarsu. Sai aikin asibiti ya mayar da maigidana Birmingham, 'yarmu tilo kuma ta tsaya can tana jami'a. Muka kama gida a Balsall Heath mai ɗan fili ta baya, da shingen katako hagu da dama. Shi ya fita tun safe, ni in wuni daga ni sai firji yana gurnani.

Na matsa masa lamba sai da ya sa aka kafa mini 'yar rumfa a filin, na ajiye murhun gawayi da teburi da kujera 'yar tsugunno. Na ce masa wai na'urar hayaƙin nan ta kicin ce ke ihu da zarar na soya manja, kamar an kama ɓarawo. Ba ƙarya na yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So nake ƙamshi ya tsallaka shinge ya jawo mini mutum, ko da wanda zai zo ya ce gishiri ya yi yawa ne.

Wata biyu ina girki a waje, ko kyanwa ba ta yi sallama ba. Kullum in ƙara tafin, kullum in juye shi a roba in tura firji.

Na yi wa ƙanwata da ke aure a Amurka ƙorafi a waya. Sai ta turo mini bidiyon wasu tsuntsaye 'yan mitsi-mitsi, ba su fi babban yatsa ba, suna tsaye cak a iska suna shan ruwa daga wata jar kwalba. Suka tuna mini da sha-kauci da ke zuwa bishiyar gidanmu muna yara. Bayan sati biyu sai ga irin kwalbar ta aiko.

"Yaya, ki rataya kawai, ki zuba ruwan sukari," in ji ta. "Wallahi they will come, har sai kin gaji da su."

Na rataya ta kusa da rumfa, na sayo jajayen furanni na jera. Duk kwana uku in wanke kwalba in dama sabon ruwa, sai ka ce mai jego nake yi wa kunu. Na juya kujerata ta fuskanci wajen. Lokacin zafin nan kaf na yi shi ina jira, babu wanda ya zo sai rina, ita ma har ta harbe ni a hannu don godiya.

Ranar nan ina sake ruwan, sai na ji an yi gyaran murya. Maƙwabciyata ce, wata tsohuwar Baturiya da ba mu taɓa wuce ɗaga hannu ba, ta leƙo ta saman shinge. Ta ba ni haƙuri sau uku kafin ta faɗi abin da ke bakinta. Ta ce irin tsuntsayen da ake yi wa wannan kwalba babu su a ƙasar nan gaba ɗaya, ba sa ƙetaro teku. Ta ce tun satin farko ta lura, amma ba ta so ta shiga abin da ba nata ba.

Na yi dariya don kunya, amma raina ya ɓaci. Wata huɗu tana kallona ina jiran gawon shanu! A gidanmu da tun ranar farko an yi mini tsiya an wuce wajen.

Ta ƙara da cewa ƙamshin girkina kullum sai ya sa ta jin yunwa. Na yi wuf na ce to ta zagayo mana, yanzu zan ɗora tukunya. Ta yi murmushi, ta ce ta gode ƙwarai, sai dai mu sa rana wani lokaci. Ta koma ciki ta ja ƙofarta.

Na sauke kwalbar, na zubar da ruwan a gindin furanni. Da na zo awon shinkafa, hannuna ya koma buhu da kansa ya ɗebo tafin nan. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, gawayi yana ta ci. Daga ƙarshe na buɗe hannu na mayar.

Da magariba muka ci, tukunya ta ƙare tas, ko ƙanzo bai ragu ba. Maigidana ya suɗe cokali, ya dube ni da fara'a.

"Kin ga yau kin auna daidai," in ji shi.

Da ya lura da ƙwallata, na ce masa hayaƙi ne ya shiga mini ido.