Sunan da Inna Ta Tsallake

Yayana Mahfuzu bai iya zama ba. Mushe ne, wato malami, a lakwal ɗin Allakaye, makarantar boko. Ko shayi a tsaye yake sha. Shekara biyu ke nan da ya buɗe shafi a intanet yana koya wa yaran Adar da aka haifa a Abijan harshen Hausa, waɗanda ke zuwa hutu ba su iya gaida kakanninsu ba. Kowane darasi sai ya rubuta, ya soke, ya sake, sannan ya ɗauki muryar Innarmu Cima a waya, domin a ganinsa Hausarmu mu ’yan lakwal ta gurɓace. Ko tari aka yi sai ya yanke shi. Ran Lahadi ya hau tudun bayan gari, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ya tura.

A darasin iyali abin ya maƙale. Ya ce Inna ta faɗi sunayen ’ya’yanta.

"Karima, Sani, Zinariya," ta ce, ta ci gaba da tsince wakenta.

Ni ce Zinariyar, dariya ta kusa kashe ni. Mahfuzu ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, ba ta kama sunan ɗan fari. "Wancan" take ce masa, ran da take jin daɗi ta ce "Mushe".

"Inna, saboda yara na hwa," in ji shi. "Sai su aza ɗiyanki ukku."

"Su aza."

Mako uku darasin yana kwance. Ya canza hoto, ya canza take, ya hau tudu ya sauko bai tura ba. Na gaji na ce, "Yaya, rubuta sunanka a ƙasa mana, kowa shi huta." Ya taso mini kamar zai cinye ni. A nan na gane, tausayinsa ya kama ni. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, darasin hujja ce kawai.

Lahadi ta huɗu ya sake ajiye wayar a gabanta, yana ta kai da kawowa a tsakar gida. Inna ta dube shi, ta dubi wayar.

"Ɗiyana huɗu," ta ce. "Na hwarin..."

Leɓenta ya motsa, murya ba ta fito ba. Daga baya na ƙirga a muryar da aka ɗauka, daƙiƙa huɗu.

"Malaminku dai. Ni na zaɓi sunanai tun shina ciki, na aiki gwaggota ta hwaɗa ma babansu a ɓoye. Ku tambai shi, suna mai kyau na."

Babu wanda ya taɓa jin wannan labari a gidanmu. Mahfuzu ya nemi gefen tabarma ya zauna, har Inna ta gama tsince wakenta.

Da la'asar ya hau tudu ya tura darasin. Shirun nan yana ciki, bai yanke ba.