Kyamarar da Ta Kai Ƙarar Tsaya-Haka

A unguwar babu mai kiransa da sunan yanka. Tsaya-Haka ake ce masa, don tun yana saurayi da wannan maganar yake tsayar da mutane a gidan biki. Shagonsa ɗaki guda ne: labule mai zanen teku, kujerar roba, da madubin da ya tsage ta gefe.

Da hoton fim, irin wanda ake wankewa, ya daina ci, sai ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da tsohuwar kyamararsa ta fim, ya karɓo ta zamani a wajen dillali, irin ta ƙwararru, mai nauyin jariri. Har tawul ya saya mata. Matarsa kan ce ko tana amarya ba ta samu wannan tarairayar ba.

Bana gwiwa ta ƙi, tsugunno gaban ango da amarya ya gagara. Ya yanke shawarar sayar da kyamarar ya sayi firji, ya zauna a inuwa yana sayar da ruwan sanyi.

Dillalin bai ko dubi ƙyallinta ba. Ya jona ta da kwamfuta, sai ga adadin duk hotunan da ta taɓa ɗauka. Ashe shekarun nan tana ƙirgawa a ɓoye, har da na dangi da ake ɗauka kyauta ana cewa a sake. Ya ce ta sha aiki, kuma an haifo mata ƙanne, sannan ya taya abin da ko murfin firji ba zai saya ba.

Tsaya-Haka ya juya don kada ya yi zagi, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwarsa ta fim cikin gilashi, da tabon da ya sani a gindinta. Ya tambayi kuɗinta. Ya ninka abin da aka taya sabuwar, wai samari ke rububinta.

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Waccan da ka karɓa kamar kana yi mini alfarma?"

"Baba, ita waccan ba ta tsufa. Kuma ba ta faɗin sirrin maigidanta."

Ya naɗe munafukar a tawul ya koma shago yana ɗingishi, ba firji. Da yamma ƙanwarsa ta kawo jikokinta a ɗauke su. Ya danna sau ɗaya tak. Ta leƙa ta ce ai ƙaramin ya rufe ido, a sake.

"Ya buɗe a gida," in ji shi. "Wannan tana ƙirgawa."