Ranar da aka mai da ni likita a Ajingi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, za mu wani ƙauye a bayan Ajingi in gaida kakata, Iya. Ban daɗe da dawowa daga Turkiyya ba, inda makarantarmu ta koyon aikin jinya ta tura mu sanin makamar aiki na wata uku a wani asibitin koyarwa, su ma suka turo nasu ɗaliban. Tsarabata alewa ce da ɗankwali, sai na'urar awon jini da na sayo wa tsohuwa.

Tun a tasha na fara shan mamaki. Da kwandasta ya faɗi kuɗin mota na ɗauka na mu biyu ne, ashe na mutum ɗaya ne. Muna tsallake gadar Wudil gonaki suka buɗe, dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa an tuge an shanya. A Gaya muka karya da koko da ƙosai, ƙosan duk ya rame kamar shi ma jinya ya yi. Daga Ajingi muka hau babur, hanyar rairayi da zaizaya, ina riƙe da jaka ina salati.

Muna shan kwanar gidan kakata na hango taro. Babura ne da amalanke, ga jama'a a kan tabarmi har ƙarƙashin dalbejiya. Na ce, "Yaya, ko Iya ce ta rasu?" Sai ga kawuna ya fito yana washe baki.

"Ga likita ta iso! A ba ta hanya!"

Ashe kakata ce ta baza a ƙauyuka cewa jikarta ta dawo daga ƙasar waje da likitanci. Na ja shi gefe na ce, "Kawu, ni fa ɗaliba ce, ko kammalawa ban yi ba." Ya ce, "'Yar nan, wanda ya hau jirgi ai ya fi mu gani."

Ko ruwa ban sha ba aka zaunar da ni a zaure. Ga tsoho mai yanar ido, ga mata mai maƙoƙo, har wani makiyayi ya tambaye ni ko ina duba shanu. Ina aunawa, ina ba da haƙuri, ina cewa a je asibiti.

Can aka shigo da wata yarinya mai tsohon ciki, mijinta na tallafe da ita. Ƙafafunta sun kumbura suntum, ta ce kanta kamar zai tsage, kuma hazo-hazo take gani. Na auna jininta, na sake aunawa, don na ɗauka na'urar ce ta lalace. A asibitin da na baro, in aka ga jini ya hau haka ƙararrawa ake dannawa, ma'aikata su rugo. Nan na waiwaya, ba kowa sai ni.

Ban gama yi wa mijin bayani ba ta sandare, ta hau jijjiga. Mata suka ɗau salati, wata na cewa iska ce a kawo hayaƙi, wata ta nufo bakinta da cokali. Ban san sa'ad da na daka wa sa'o'in uwata tsawa ba. Na kwantar da ita ta gefen hagu, yayana ya ruga ya tsayar da wata a-kori-kura mai ɗaukar gyaɗa. A kan buhuna muka shimfiɗe ta, kanta a cinyata, har asibitin Gaya.

Ma'aikatan asibitin ba su ɓata lokaci ba, suka yi mata allura, suka wuce da ita tiyata. Bayan la'asar aka fito aka ce uwa ta tsira, amma ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne.

Mijin ya dube ni ya ce, "Tun shekaranjiya take kukan ciwon kan nan. Na ce ta daure, ga likita nan tafe daga Turai." Ba zargina yake yi ba, godiya ma ya yi ta yi mini. Ni kuwa sai na zauna a dandamali.

Daga nan Kano muka wuce. Na je ƙasar waje na koyo aiki da na'urori, amma a zauren kakata na gane cewa jama'armu ba asibiti suka ƙi ba, nisa ya yi musu, shi ya sa suke rataya ransu a wuyan duk wanda aka ce ya sani. Washegari na buga wa kawuna waya na roƙe shi ya bi gida-gida ya faɗa: ni ba likita ba ce, kuma duk mai cikin da kanta ya yi ciwo, kada ta jira kowa.