Ladan a Ɗakin Kiɗa

Ɗakin kiɗan nan ya girmi jihar kanta. Tun Dutse tana ƙarƙashin Kano aka gina shi don taron hakimai. Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo ba su da wurin hira, sai ya koma hannun makaɗa. Nan 'yan makaranta ke wasan kwaikwayo, ranar Asabar kuma wani mai garaya ya zo daga Miga.

Da shari'a ta zo ba a rufe shi ba, an dai mayar da wasa bayan la'asar, aka raba maza da mata. Amma kowa ya koma kallon kowa ta wutsiyar ido.

Yayana ne ladanin masallacin unguwarmu, shi kuwa in ya ji garaya ba ya iya zama. Ladancin gadon mahaifinmu ne, kuma akwai masu haƙonsa. Na hana shi zuwa, ya ƙi. Sai ya naɗa rawani ya ja amawali har hanci, ya zauna can baya, ni kuma in bi shi ina gadi. Ban yarda da kowa ba. Mai shayin bakin ƙofa ya cika tambaya. Gaisuwar maigadi ta faye tsawo. Akwai wani maƙwabcinmu da kacar kekensa ba ta tashi zamewa sai daidai ƙofar ɗakin. Wannan har gaba na ƙulla da shi.

Wata Asabar mai garaya ya ɗauko taken manoma da mahaifinmu yake so. Yaya ya kasa daurewa. Ya kwance agogonsa ya miƙa wa sanƙira, mai shelar kyauta, ya ce, "Don Allah kada ka ambace ni."

A wurin sanƙira kuwa, karɓar kyauta a yi shiru butulci ne. Ya kai baki ga makirufo ya ce, "Jama'a, alheri daga mai tashin gari da asuba, ladan ɗan ladan! Wai in ɓoye! Allah ya sawwaƙe in ɓoye alheri!"

Lasifika kuwa a kan rufi take, har kasuwa ana ji. Kamar in shaƙe sanƙiran don haushi, ga mutumin yana ta murmushi, shi a dole ya kyauta mana.

Da magariba muna shan kwanar masallaci muka ji wani ya ta da kiran salla a gurbin Yaya. Yaya ya tsaya da buta a hannu, yana amsawa a hankali.